Zayyanu Mai Makullin Zauren Albasa

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa rijiya ko tukunyar miya a tsakanin Bodinga da Shagari ya san shagon Zayyanu. Ɗan ƙaramin shago ne a layin teloli, mai ƙofar langa-langa da benci ɗaya wanda ya gaji da duniya. Zayyanu siriri ne, ya ba arba'in baya da 'yan shekaru. Tabarau biyu gare shi, na karatu da na leƙa cikin waya, kuma kullum sai ya fara sa wanda ba shi ba. Aikinsa yana da kyau, wannan ba a musu. Halinsa ne ake ƙorafi a kai, don ba ya yarda kowa ya taɓa masa kaya. Ko sukurdireba ka ɗauka don ka miƙa masa, sai ya karɓa ya goge ta da gefen riga yana kallonka.

Shagon gado ne. Mahaifinsa, Malam Musa, gyaran rediyo ya yi a nan shekara talatin, kuma a zamaninsa shagon ya fi gidan waya amfani. 'Yan ci-rani da ke Kudu ba su damu da wasiƙa ba, kaset suke cikawa da magana su ba direban tirela ya kawo gida. Wanda ba shi da rikoda sai ya kawo kaset ɗinsa wurin Malam Musa. Zayyanu ya tashi yana ganin tsofaffi a kan bencin nan, an danna musu, muryar ɗansu na fitowa daga Legas tana gaida gari gida-gida. Saƙon kansa, in an iso gare shi, bai wuce a gyara katanga kafin damina ba. Har yau in aka tuna masa lokacin sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi ta ba da labari, mai waya kuwa ya yi ta jira.

Ya yi shekara biyu a Sakkwato yana koyon kwamfuta, bai kammala ba mahaifin ya rasu, ya dawo ya karɓi shago. Rediyo ta ja baya, waya ta shigo, shi ma ya bi ta. Yawancin masu kawo masa gyara manoman albasa ne daga Dingyadi da Lambara da ƙauyukan gefen fadama. Suna jira suna hira: yaya kasuwa take a Aba, wane magani ke kashe tsutsar ganye, me ya sa albasar wane ta ruɓe a rudu tun ba ta yi wata uku ba. Rudu shi ne ɗan rumbun karan da ake ɗagawa daga ƙasa a jibge albasa ta riƙa shan iska. Amsa mai kyau takan fito daga bakin wani dattijo, a watse, gobe wani ya zo ya sake tambayar daga farko. Wannan asarar ce ta riƙa ci wa Zayyanu rai, domin shi mutum ne da ko tsohon batir ba ya jefarwa.

Sai ya buɗe dandali a intanet, ya sa masa suna Zauren Albasa. Ya kama masa wuri a wani kamfani na Abuja masu ba da hayar injin da shafukan intanet ke zama a kai. Hayar tarayya ya kama, mafi araha, inda shafuka ɗaruruwa ke cunkushe a inji ɗaya. Shekara biyu zauren na nan shiru, sai shi da malaman firamare uku suna yi wa juna barka da Juma'a. Dalilin a fili yake. Waɗanda suka san albasa ba su rubutu, masu rubutu kuwa ba su san albasa ba sai a miya. Ranar da Zayyanu ya gane haka, ya nemo hanyar da mutum zai danna ya yi magana kawai, muryarsa ta zauna a zauren. Daga ranar abin ya tashi.

Wanda ya fara danna wannan maɓalli Sodangi ne, wani dattijo ɗan Dandin Mahe. Ya yi noman albasa har gwiwa ta hana shi, sai ya koma Aba yana karɓar kayan mutanen gida yana sayar musu. Sodangi ya san albasa ciki da waje. Yana iya gaya maka daga ƙamshin buhu ko an yi mata ban ruwa ana gobe za a cire ta. Amma ba ya iya buɗe baki a kan tsutsa ko taki sai ya gaida jama'a tukuna, kuma gaisuwarsa ba ta gaggawa ba ce. Da ya ga gaisuwar na tsawaita masa bayani, sai ya roƙi Zayyanu ya ware mata wuri nata. Aka buɗe sashen gaisuwar safe. Kowace safiya bayan asuba, muryarsa ce ta farko.

"Salamu alaikum jama'ar zaure. Sodangi na, daga Aba. Mun kwana lahiya, ruwa na ta zuba. Ina gaida manya, ina gaida yara. A gaishe min da mai hura ta Dandin Mahe."

Kowa ya san wace ce mai furar. Matarsa ce ta fari kuma ta ƙarshe, wadda mutum irin Sodangi ba zai kama sunanta a gaban jama'a ba ko za a yanka shi. Aka yi ta yi masa tsiya, bai fasa ba. Wata rana ya ƙara da cewa a gaya mata ƙafar ta yi sauƙi, wata rana a ce mata kada ta sayar da jar akuya. Shekara huɗu bai tsallake safiya ba sai in ba netwok. Da Allah ya karɓi abinsa a can Aba, ta'aziyyar da aka yi a zauren ta kai mako biyu ba ta yanke ba, kuma Zayyanu ya rufe shago ya bi motar da ta je Dandin Mahe.

Al'adar da ya bari ba ta mutu ba. Zauren ya cika, mutane suka haura dubu biyar, daga Shagari har Fatakwal, har da 'yan garin da ke Agadas da Kumasi. Kuma kowannensu ɗan gida ne, ba mai shiga ba sallama. Mai tambayar farashin taki sai ya tambayi kwanan iyali da gajiya da zafi da ruwa, sannan ya ce dama wata 'yar tambaya ce. Zayyanu yakan buɗe shago, ya jingina waya da gwangwanin sukurori, ya bar muryoyin suna zuba yana aiki. Ya san tarin kowa, ya san zakaran gidan wa ke katse wa mai shi magana. A duk abin da ya yi a rayuwarsa, wannan ne ya fi so, ya kuma san haka.

A shekara ta tara kamfanin ya aiko da imel cikin ladabi mai sanyi. Zauren ya yi wa hayar tarayya nauyi, yana danne maƙwabta, kowace safiya sai injin ya durƙusa. An ba shi wata ɗaya ya zaɓi inda zai koma, in ba haka ba a rufe. Zayyanu ya karanta da tabarau na karatu, ya sake karantawa da na gyara, saƙon bai canza ba. Muryoyin shekara bakwai ne a ciki, na rayayyu da na waɗanda suka riga mu, kuma babu su a ko'ina sai nan.

Ya buga lambar da ke ƙasan imel ɗin. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta ce sunanta Mufida. Da ta ji Ingilishinsa na tafiya da sanda sai ta juya Hausa, irin ta Kanawa mai gudu. Ta yi masa bayani yadda zai gane.

"Malam, yanzu kamar a ɗakin haya kake, ku da yawa, bayi ɗaya. Hanya biyu ce a gabanka. Ko mu yanka maka sashe a babban inji, da ƙofarka da makullinka, ba mai shigar maka. Amma shara da gadi da gyara duk naka ne, kuma sashen yana da iyaka. Ko kuma mu ba ka inji sukutum, naka kai kaɗai, fili har ya yi maka yawa, mu ne masu gadi, mu ne masu gyara, kullum mu kwafi komai mu adana. Ya fi tsada sosai. Kuma babban makullin yana hannunmu."

"Hannunku?" in ji Zayyanu.

"To ai mu za mu kula da shi. Kai kana da na cikin zaurenka, ka shiga ka fita yadda kake so. Na injin ne dai namu."

Ya ce zai yi shawara. Wanda ya yi shawarar da shi Mode ne, abokinsa tun na makarantar allo, dillalin albasa mai ƙaton ciki da dariyar da ake ji daga layin mahauta. Mode ya zauna a bencin, bencin ya yi ƙara, ya saurara har ƙarshe.

"To mi kaka tsoro? In tsada ta, mu 'yan albasa mun ɗauka, wa ac cikinmu bai ci arzikin wanga zaure ba? Ba su makulli su yi gadi, kai ka koma ga gyaran waya. Dubi idanunka, tabarau biyu ba su ishe ka ba."

"Shekara tara nika riƙe da wanga wuri, Mode. Ni nis share shi, ni nik kira mutane. Yanzu in ba wata yarinya ta Habuja makulli, in koma ni ka sallama bakin ƙohwar gidana?"

"Kai dai ba ka son a taɓa ma kaya. Halinka na tun muna yara."

Gaskiya Mode ya faɗa, kuma don gaskiya ce Zayyanu ya ji haushi. Washegari ya kira Mufida ya ce a yanka masa sashe, mafi girman da suke da shi. Ta tambaye shi sau biyu ko ya taɓa kula da inji da kansa. Ya ce mata tun ba a haife ta ba yake buɗe cikin na'ura. Ta ce to, Allah ya taimaka, ta turo masa makullin, wasu dogayen haruffa da lambobi. Ya rubuta a takarda ya soke a cikin hularsa.

Watannin farko ya ji daɗinsa. Zauren na buɗewa fes, ba jira. Amma gadin inji ba gyaran waya ba ne, wanda in ka gama ka ɗaure murfi mai ita ya tafi. Kullum da abin da zai sabunta, da ƙofar da zai toshe. Kowace safiya sai ya buɗe rajistar injin, inda ake ganin duk wanda ya shigo da abin da ya taɓa, ya tarar da baƙi daga ƙasashen da bai san sunansu ba suna ta gwada makulli. Ya karanta cewa ɓarayin intanet haka suke, shiru suke zuwa, su yi ta lalube har su dace. Ya rame. Wayoyin mutane suka taru a kan tebur, har wani tela maƙwabcinsa ya fara kai tasa Sakkwato. Wajen kwafe kayan zauren a adana kuwa, kullum cewa yake sai an samu sarari, don sashen da kyar ya ɗauki abin da ke ciki, balle kwafinsa.

Kafin albasar rani ta shigo kasuwa, sashen ya cika maƙil. Mutum ya yi magana ya tura, ta ƙi zama. Zayyanu ya duba abin da ya cinye wurin, ya ga kashi biyu cikin uku gaisuwar safe ce. Ilimin albasa duka, da tsutsa da taki da rudu da hanyoyin Kudu, ɗan kaɗan ne a gefe. Ya san Mufida na nan, ya san kira ɗaya zai yi. Sai ya zauna ya yi wa kansa huɗuba. Ya ce gaisuwa ai ta ranarta ce. Wa zai koma ya saurari ina kwanan shekara bakwai da ta wuce? Bayanan Sodangi na noma suna sashensu, ba abin da zai taɓa su. Ya zaɓi shekara biyun farko na gaisuwar safe gaba ɗaya. Bai saurari ko ɗaya ba, don ya san in ya saurara hannunsa ba zai iya ba. Injin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Wuri ya samu, zauren ya ci gaba, ba wanda ya lura. Ya ƙudura in ya sake cika zai share shekara biyu na gaba.

A cikin wannan binciken ne ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai. Akwai wani mamba da ba shi da suna, wasu lambobi ne kawai. Fiye da shekara biyu yana shigowa kowace safiya, ya wuce kai tsaye cikin tsofaffin gaisuwa, ya buɗe guda ɗaya, ya fita. Bai taɓa cewa uffan ba. Ko sallama bai taɓa yi ba. A wurin Zayyanu wannan kaɗai ya isa shaida. Ɗan Bodinga ko ɗan Shagari ba zai shiga zauren mutane kwana ɗaya ba sallama, balle shekara biyu. Wannan ba namu ba ne, ɗan lalube ne. Ya toshe shi, ya kuma ba Mode labari da alfahari, ya ce ga irin abin da 'yan Abuja ba za su taɓa ganewa ba.

Kwana shida bayan haka, ranar kasuwa da hantsi, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar shago. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, da lulluɓi mai ruwan ƙasa, ƙafafunta sun nuna daga tasha ta tako. Zayyanu ya miƙe ya gyara mata benci, ya durƙusa suka gaisa, gaisuwa mai tsawo yadda ta kamata.

"Kai na ɗan Musa mai rediyo?"

"Ni na, Inna."

"Allah shi jiƙan shi. Waya nik kawo ma. Ta ɗiyata Ummukulsum ta, tana can makaranta tana koyarwa, tac ce in bari sai Assabar mu zo tare. Ni kau ba ni iya jira. Kwana shidda ke nan ta ƙi buɗe min zaure."

Ya karɓa, ya sa tabarau, ya cire, ya sa ɗayan. Waya lafiyarta lau. Ya buɗe zauren a ciki, sai ga lambobin nan da ya toshe da hannunsa suna kallonsa. Ya ɗago a hankali.

"Inna, daga ina?"

"Dandin Mahe." Ta ɗan kau da kai, ta gyara lulluɓi. "Ni ta mai hura."

Hadiza ce, matar Sodangi. Ranar ta'aziyya tana cikin gida, bai gan ta ba. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga hula har ƙafa. Sai ya yi tambayar da ba ta da amfani, ya ce me ya sa ba ta taɓa yin sallama ba.

"Haba ɗana. Ni tsohuwa, in ɗaga murya cikin maza dubu? Ni ba zance nika zuwa yi ba, saurare nika zuwa." Ta yi ɗan murmushi. "Malam in ya kira ni ga waya, ba shi iya komi sai lahiya, lahiya, a ba yara. Amma gaban jama'a, can shika sakin baki. Tun yana da rai Ummukulsum ka kunna min kullum da sahe. Da nig gama takaba, gidan ya yi min shiru ƙwarai. Sai nic ce ta mai da ni ga ta hwarko. Guda nika ji kowace sahiya, in na yi salla, kahin in ɗora hura. Ba ni ƙarawa, ba ni tsallakewa. Yanzu muna cikin shekara ta ukku ta gaisuwarshi, damana ta kama mishi can Aba."

Zayyanu ya miƙa mata wayarta. Ya jawo kwamfutarsa ya buɗe mata ƙofar da ya rufe, ya nemo inda ta tsaya, ya danna. Muryar Sodangi ta cika shagon, da ƙarar ruwan Aba a kan kwano a bayanta. Ya gaida manya, ya gaida yara. Ya ce a gaishe masa da mai hura ta Dandin Mahe, a ce mata ya ga wani zane a kasuwa mai ganyen kuka, ya tuna wanda ta sa ranar sunan Ummukulsum. Telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa. Hadiza ta saurara idonta a ƙasa, ta amsa a hankali, "Muna amsawa," kamar yadda ta saba.

"Wanga zane bai sawo shi ba," ta ce bayan ya ƙare. "Rowa gare shi." Ta share ido da bakin lulluɓi tana dariya. "Allah shi yi ma albarka, ɗana, da ka aje muna shi. Lissahina, saura shekara guda da 'yan watanni in kai ga ta ƙarshe. In na kai, sai in koma ga ta hwarko in sake biyowa. Haka haka har Allah shi yi nashi ikon."

Zayyanu ya ce ta ba shi minti biyu. Ya fita ta bayan shago, inda teloli ke zubar da ƙyalle, ya kira Abuja. Allah ya sa Mufida ce ta ɗauka. Ya tambaye ta ko suna da kwafin abin da ya share. Ta ce a'a, mai sashe shi ke kwafe kayansa, ta gaya masa tun farko. Ya tambayi tsohon wurinsu na hayar tarayya. Ta ce an goge shi wata ɗaya bayan ya tashi. Ya ce ta duba dai. Ya ji tana danne-danne, ta dawo ta ce ta duba, babu, ta yi masa sannu. Ba ta ce ai na gaya maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi samun sauƙi.

"Malama Mufida," ya ce, "wancan injin, na sukutum. A mai da mu can. Ku yi gadi, ku yi kwahi kullum. Kada a taɓa komi, ko tari na kada a share."

"Sai ka ba mu makullin wannan, mu kwashe kayan."

Ya cire hula, ya zaro takardar da ta yi laushi da zufa, ya karanta mata harafi bayan harafi. Ta maimaita, ya ce haka ne. Abin da ya ƙi yi wata da watanni bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya tsaya da hula a hannu, yana jin haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba. Ya yi tunanin ya koma ya yi shiru. Saura fiye da shekara kafin ta gane, kuma in lokacin ya zo ana iya cewa injin ne. Har ya kama hanyar shago da wannan niyya, amma da ya gan ta zaune ta riƙe wayar da hannu biyu, sai ya kasa.

Ya durƙusa a gabanta ya gaya mata duka. Ya ce waya ba ta lalace ba, shi ya rufe mata ƙofa don ya ɗauke ta ɓarawo. Ya ce shekara biyun farko babu su, shi ya share su da hannunsa, ba kuskuren inji ba ne, ba na kowa ba ne. An ba shi hanyar da ba sai ya share ba, ya ƙi, don kada wani ya riƙe masa makulli. Ya ce abin da ya rage ba mai sake taɓa shi, amma na farkon sun tafi, ba su dawowa.

Hadiza ta dubi wayar da ke hannunta. Hayaniyar kasuwa na shigowa, wani na rantsuwa a kan buhun gero.

"Har da ta ranar da anka yi mishi aikin ido?"

"Har da ita, Inna."

"Har da wadda yay yi waƙa?"

Zayyanu bai ma san Sodangi ya taɓa waƙa ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce har da ita.

Ta jinjina kai. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba, don da komai. Ta juya wayar a hannunta, ta tambaye shi waɗanda ba ta kai gare su ba suna nan dukansu. Ya ce suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

"To," ta ce, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Sai in rage sauri. Ka nuna ma Ummukulsum yadda za ta maimaita min guda. In riƙa jin kowace ɗaya kwana ukku."

Ya ce zai nuna mata. Ya rufe shago da rana tsaka, ya raka ta tasha, ya tsaya har motar Shagari ta cika ta tashi.